Gahawar da Na Kawo wa Dada daga Mambila

An sha ɓata mini rai a duniya, in kwana in tashi abin ya wuce. Amma abin da aka yi wa kakata a kan ɗan ƙullin gahawa, ko tsufa ya ci ni har na rasa sunan unguwarmu, ba na jin zai fita daga raina. Yau ga ni da iyali, har furfura ta fara leƙowa, amma duk sa'ad da na tuna sai in ga kamar jiya aka yi.

Dada muke kiran ta, mahaifiyar babana ce. Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Roni, Fulanin da suka zauna suka haɗa kiwo da noma. Ita kuwa Dada ba 'yar nan ba ce, a kan tsaunin Mambila aka haife ta. Kakanmu ya je can fataucin shanu yana saurayi, ya aure ta ya taho da ita, kuma ba ta sake taka ƙasar iyayenta ba. Da wuya ka ji ta yi kukan kewa. Abu ɗaya ne bakinta bai gajiya da shi, wato gahawar gonar babanta. Ta ce tana yarinya ma'aikatan gona na zamanin Turawa suka raba dashen, babanta ya karɓa ya dasa a gangaren bayan gida, inda gajimare ke saukowa da safe har ka kasa ganin saniyar da kake tatsa. Ta ce idan innarta tana soya ƙwayar, mai wucewa a wancan tudun ma sai ya san an ɗora kasko. Mun sha sayo mata ta gwangwani daga Kazaure. Sai ta sunsuna ta ture, ta ce, "Wannan ai toka ce aka ba ta suna."

Da na gama makaranta, Allah Ya sa bautar ƙasa ta kai ni Gembu, a kan tsaunin nan nata. Ranar da zan tafi ta riƙe hannuna, ta kira ni da sunan wasan da take kirana. Ta ce, "Maigidana, ba na son zane, ba na son turare. Ka kawo mini ita ɗanya, ni zan soya da hannuna."

Sai da na je na san alkawarin ba ƙarami ba ne. Gonar babanta ta daɗe da komawa makiyaya. Yawancin mutane sun sare bishiyoyinsu tun lokacin da masu saye suka ɗauke ƙafa, 'yan kaɗan da suka rage kuwa tun kafin su nuna masu fitarwa ƙasashen waje suke kama su. Da tambaya da hawan babur a hanya mai hatsari, na samu wani dattijo can ƙololuwa da yake da tsofaffin bishiyoyi. Shi ya ba ni labarin cewa asalin tsiron daga tsaunukan Habasha ne, ya ƙetara ƙasar Larabawa, daga can ya yi ta yawo a duniya, kuma duk inda ya je tudu mai sanyi yake nema. Sanyin ne ke sa 'ya'yan su nuna a hankali, daɗin ya taru a ƙwaya. Ba a girbe ta gaba ɗaya kamar gero. Ɗaya bayan ɗaya ake tsinkar waɗanda suka yi ja, a bar sauran sai an dawo. Da ya ji don wa nake nema, sai ya ce ba zai sayar mini ba, in zo mu tsinka tare. Duk ranar da ba ni da aiki ina can, yatsuna suna ƙandarewa. Muka ɓare, muka wanke, muka shanya. Abin da ya zama rabona bai cika kwano ba. Matarsa ta ɗinka mini 'yar jaka ta farin ƙyalle ta zuba.

Ranar da na dawo, gida ya cika. Dada ta kwance jakar, ta tusa fuskarta a ciki, ta daɗe ba ta ɗago ba. Yara suna ta dariya, wai kaka tana sunsunar tsakuwa. Ni kuma ina ta ba da labari, har na faɗi yadda mutanen ƙasashen waje ke rububinta, manyan otal-otal kaɗai ke samu. Baffana, ƙanen babana, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar babana, yana zaune a gefe. A lokacin yana neman a tsayar da shi takarar kansila. Na ga ya gyara zama ya ce, "Kana nufin ko manya ba kowa ke da ita ba?" Na ce masa haka ne.

Dada ta ƙi soyawa a ranar. Ta ce duk kaskon gidan ya sha mai, zai ɓata ƙamshin, sai an sayo sabo na ƙasa. Ranar kasuwar Gwiwa na hau babur da sassafe na tafi. Ina dawowa da kaskon a ɗaure a baya, na tarar da ita zaune a ƙofar ɗakinta, hannuwanta a cinya, babu ko tasbaha.

"Baffanka ya ɗauka," in ji ta. "Ya ce baƙo ne ya yi."

Ashe wani babban ɗan siyasa ne ya biyo ta garin, wanda maganarsa ke tsayar da ɗan takara. Baffa ya shiga ɗakin mahaifiyarsa, ya ɗaga filonta, ya ɗauke jakar, ya kai wa mutumin har mota.

Na same shi a zaure yana shan fura. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka saba, sannan na ce, "Baffa, don Allah, gahawar Dada ce fa."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Tsohuwa me ta sani a darajar wannan abu? Ita ko shayi aka ba ta ai ya ishe ta. Abin manya na kai wa manya. Idan na samu kujerar nan wa zai ci moriya, ba ku ba?"

Na ce, "Baffa, tun tana amarya take jiran ta."

Ya ajiye ludayi ya ce, "Tashi ka ba ni wuri. Boko ya sa ka fara yi mini hisabi a gidana?"

Wallahi ba ɗaukar ce ta fi ƙona ni ba, wannan kalmar ce, wai me ta sani. Matar da ta tsinki abin nan tun ba ta kai tsawon bishiyar ba, ita ce ba ta san shi ba, wanda bai taɓa ganin ganyensa ba shi ne masani, don kawai yana da mota da 'yan rakiya.

Aka yi ta ba ni haƙuri, wai kyautar da ta fita ba ta dawowa, kada in kunyata gida. Na ji, amma ban haƙura ba. Bayan 'yan kwanaki na tafi Kazaure gidan mutumin. Shi ban gan shi ba, an ce ya wuce Dutse. Na zauna a rana a ƙofar gida har wani mai gadi ya tausaya mini, ya kira mai dafa abincin gidan, wani dattijo mai fara'a. Da na kwatanta jakar sai ya tafa hannu.

"Af, wannan waken mai taurin kai? Ai tare da kaji da tsarabar ƙauye aka sauke mana daga bayan mota, ba wanda ya ce ga abin da yake. Na jiƙa, na sa kanwa, na ƙarar da itace, ya ƙi dahuwa. Ko awaki sun ƙi ci. Can na zubar a kwata."

Ban ga laifinsa ba, ba a gaya masa ba. Amma na tsaya ina kallon bakinsa. Wato shi wanda aka yi dominsa bai ko kwance bakin jakar ba. Na tambayi jakar, ya ɗauko ta daga inda ya rataye, har ya fara zuba barkono a ciki. Muka zazzage, muka juya ta, a lungun ɗinkin muka tsinci 'yan ƙwayoyin da suka maƙale. Ko tafin hannuna ba su rufe ba.

Da na kai wa Dada, ba ta tambaye ni sauran ba. Ta tsince su ɗaya ɗaya, ta goge kowacce da bakin zanenta, ta ɗora sabon kaskon a wuta kaɗan. Tana juyawa suka fara yin ƙara, suka koma ruwan ƙasa, sai wani ƙamshi ya tashi wanda ban taɓa jin irinsa a gidanmu ba, har matan gida suka bar daka suka leƙo. Ta daka a ƙaramin turmi, ta tafasa. Abin da ya fito bai kai rabin kofi ba, ga shi da ɗan yaji-yajin barkono. Ta kurɓa, ta rufe ido, ta fara kiran sunayen ƙannenta da Fulatancin can sama, mutanen da mu ba mu taɓa jin sunansu ba. Sannan ta miƙo mini ragowar ta ce, "Sha, maigidana. Kai ma ka sha sanyi a kanta."

Na yi mata alkawarin zan koma idan an yi sabuwar tsinka. Ba ta kai ba, Allah Ya jiƙanta. Baffa kuwa ya samu kujerarsa. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, har yau yakan faɗa a majalisa cewa shi ne ya taɓa ba wane gahawar da ko a Abuja sai an tona. Nakan tashi in bar wurin, don har yanzu baffana ne.

Abin da na koya shi ne, duk abin da aka ƙwace daga hannun mai rauni don a faranta wa mai ƙarfi, shi mai ƙarfin ba ya ma sanin an kawo, wanda aka raba da shi ne kaɗai ya san nauyinsa. Shi ya sa a gidana, abin da aka kawo wa tsoho na tsoho ne, ko wane ne ya yi sallama a ƙofa. Kuma duk wanda na ji ya ce "ai ba ta san darajarsa ba", ba na jira ya ƙarasa.