Direba da Saiwar da Ke Kan Hanyar Tafki

Da ƙarfe shida da rabi na safe, wani dattijo gajere mai faɗin kafaɗa yakan buɗe ɗakin ajiya na asibitin da ke bayan tashar mota, ya fito da kekunan marasa lafiya guda bakwai, ya jera su a baranda. Ɗaya bayan ɗaya yake durƙusa musu. Ya matsa taya da babban yatsa, ya ɗiga mai a inda ke kuka, ya goge wurin zama. Sannan ya zauna a kan kowanne ya ɗan jijjiga, don ya ji ko akwai abin da zai soki bayan mutum.

A takardar aikinsa lebura aka rubuta. Amma a ɗakin maza masu doguwar jinya babu mai kiransa da komai sai Direba, saboda shi ke tura su zuwa ɗakin hoto, da ɗakin motsa jiki, da duk inda likita ya ce. Shekararsa talatin da ɗaya a bayan keke. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Na tambaya ko za a yi masa taro, aka ce ba a saba yi wa masu irin aikinsa ba. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Ƙarfe huɗu ake buɗe wa masu dubiya ƙofa. Tun biyu da rabi za ka ga Direba yana zagaya gadaje da roba ta ruwan ɗumi, da reza, da mataji, da wani ɗan madubi da ya tsage a gefe. Ya yi wa wannan aski, ya canza wa wancan riga, ya daidaita wa na ƙarshe hula. Duk wanda ke iya zama sai ya ɗora shi a keke, ya juya shi ya fuskanci ƙofa. Ba ya son 'ya'ya su shigo su iske ubansu a kwance, in dai akwai halin zama.

Babbar nas ta ɗakin ta ce mini, “Wannan ba aikinsa ba ne. Sau uku ina ce masa ya bari, ya ce to. Washegari na gan shi da robarsa. Na ce, Direba, ba ka ji abin da na ce ba? Ya ce, na ji, Sista, ai ruwan ne ya riga ya yi ɗumi.”

Ita ce kuma ta ba ni labarin wani tsohon mai gadi da ya yi wata takwas a gadon kusa da taga, ba wanda ya taɓa zuwa duba shi. Shi ma kullum sai an yi masa aski an zaunar da shi. Ran nan ya ce, “Direba, wahalar da kai kake yi. Wa zai zo?” Direba ya ɗauki robarsa ya wuce. Da huɗu ta yi, ya fita waje, ya cire rigar aiki, ya bi layin masu dubiya, ya yi sallama a bakin ƙofa kamar kowa, ya ja kujera ya zauna. “Ya jiki? Ya kwanan asibiti? An ce akwai wani lebura a nan mai damun ku da reza.” Haka ya riƙa yi, minti goma kullum, har aka sallami tsohon.

Amma abin da aka fi sanin sa da shi shi ne fitar farkon kaka. A bayan asibitin akwai fili mai itatuwa, da siririyar hanya da ke gangarawa zuwa wani ɗan tafki. Duk damina laka ce, keke ba ya bi. Da zarar ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara sauya launi, sai Direba ya ɗora buhun yashi a keke ya gangara da shi kowace safiya. Ranar da ya dawo taya ba laka, sai ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya ce, “Jama'a, hanya ta buɗe.” A ranar hutun makon nan iyalai sukan zo da tabarmi da flas ɗin shayi da ƙwallon yara, shi kuma ya yi ta sauke fasinjojinsa ɗaya ɗaya. Mutanen da suka yi watanni suna kallon silin sai ga su a inuwa, jikoki na hawa musu cinya.

Kai ne direban da ba ka da hon, ba ka taɓa ƙure fasinja da gudu ba. Kai ka san ƙeyar kowa a ɗakin nan fiye da yadda ka san fuskarsa.

A nan zan shigo da nawa labarin, don ba ji na yi ba, a kaina ya faru.

Babana kafinta ne. Ya so in gaji shagonsa, ni kuma na gudu na kama aiki a wurin ɗinke littattafai, inda na koya wa kaina karatu da abin da ake kawo mana. Ba mu yi faɗa ba. Da ma faɗan muka yi, da ya wuce. Shekara ashirin maganarmu ba ta wuce ya aiki, ya yara, a gaida gida.

Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Aka kwantar da shi a ɗakin Direba. Sai ya kafa doka: Inna kaɗai za ta shigo. Ba ni, ba ƙanwata, balle jikoki. “Kada yaran su gan ni haka,” in ji shi. Ya juya fuska bango, ya rage cin abinci, ya ƙi zuwa motsa jiki. Likita ta gaya wa Inna cewa in ya ci gaba da haka ƙafar za ta sandare, kuma ba ta ga ranar da zai koma gida da kansa ba. Kullum da huɗu nakan raka Inna har baranda, in zauna a benci riƙe da kular abinci, in jira ta fito da ita kamar yadda ta shiga.

A bencin nan Direba ya same ni. Ya ce, “Kai ne ɗan Malam Kafinta?”

Na ce ni ne.

“Ƙeyarku ɗaya. Ranar hutu za mu sauka tafki. Babanka ya yarda zai je, don na ce masa ba kowa nasa a wurin. Ka kawo Inna da sauran, su shimfiɗa tabarma can gefen ruwa. Kai kuma ka tsaya bayan babban icen da ke kwanar hanya ta biyu.”

Na ce, “Malam Direba, in yi me a bayan ice?”

Ya ce, “Ka yi shiru. Na ga alama ka iya.”

Ranar ta zo da iska mai sanyi-sanyi. Ina tsaye na hango su tafe, Baba ya sha aski, an sa masa farar rigarsa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne magana yake yi. Mutumin da Inna ke cewa ba ya haɗa kalma uku, ga shi yana ta zuba, a hankali, da nauyin harshe, amma ana ganewa. Daga baya na fahimci dalili. Wanda ke bayanka ba ya kallon bakinka, ba ka kuma ganin tausayi a idonsa.

Da suka zo daidai icen, Direba ya yafito ni da kai. Ya kama hannuwana ya ɗora a kan mariƙin keken, ya bar nasa a kan nawa taku biyu, uku, sannan ya zare. Keken bai tsaya ba. Baba na cewa, “Gara su riƙe ni yadda suka san ni. Ni da nake ɗaga ƙofa da hannu ɗaya.” Ina kallon ƙeyarsa, da furfurar da ban san ta yi yawa haka ba. Ban kalli ƙasa ba. Taku kamar goma, sai tayar gaba ta daki wata saiwa da ta ratsa hanya. Keken ya yi tsalle, hular Baba ta zamo gefe.

Ya yi shiru. Na ja baya, na sake turawa da ƙarfi, muka haye da ƙyar. Muka yi tafiya mai ɗan nisa.

Can sai Baba ya ce, “Akwai wata kanta a bayan shago, na rufe ta da buhu. Ta littattafai ce. Ranar da na je ganin 'yar ɗana ta fari, na tarar da littattafansa a ƙasa cikin kwali, sanyi na cin su. Da ya fita rakiya, na auna su da taƙi. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Katako ɗaya ya rage ban buga ba.” Ya numfasa. “In na kai masa, kamar na ce shi ne da gaskiya. To, shi ne da gaskiya. Yanzu kuma ga hannun da zai buga ya tafi.”

Ban san yadda na ci gaba da turawa ba. Muka fito fili, ga tafki, ga su Inna can a tabarma. Na tsaya. Baba bai waiwayo ba, ya ce, “Tun kana yaro ba ka iya kallon ƙasa ba. Saiwa juya keke ake yi a hau ta da baya.”

Na ce, “Baba.”

Ya ce, “Gyara mini hula. Tunda an kawo ni, a ƙarasa da ni.”

'Yata ta biyu, mai shekara shida, ita ta fara rugowa. Ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta ce, “Tsoho, wa ya murɗe maka baki?” Uwarta ta ɗaga hannu za ta make ta, Inna ta sunkuyar da kai. Baba ya ce, “Ba kowa. Kunnena ne ya gaji da surutunki, bakin ya tafi ba shi haƙuri.” Ƙanwata ta fashe da dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Ranar ya sha shayi kofi biyu, rabi a baki rabi a riga, bai damu ba. Washegari ya ce a kai shi motsa jiki.

Ya kamata in ce na yi murna in tsaya nan. Amma ni mutum ne mai juya magana a zuci har ta hana ni sukuni. Na yi ta tambayar kaina: shin abin da Direba ya yi daidai ne? Mara lafiya ya amince da kai, ya buɗe maka cikinsa, kai kuma ka sa wani a wurinka ba da saninsa ba. Ka ce masa ba kowa nasa, alhali ka tara su. Abin ya zo da alheri, na yarda. Amma kyan sakamako ba ya wanke hanya. Da Baba bai gane ba fa? Da na saci maganar da ba ni aka yi wa ba, in riƙe ta har abada ba tare da ya sani ba.

Bayan makonni na same shi da safe yana ɗiga wa kekuna mai. Na zayyana masa duk wannan. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba.

Ya ce, “Cewa ba kowa nasa, wannan ƙarya na yi, na kuma je na roƙe shi ya yafe. Ya ce ya yafe in zan daina yanke shi a haɓa. Amma ɗayar, kana tsammanin ban san inda saiwar nan take ba? Shekara talatin ina haye ta. Shi kansa ya san ban taɓa dakan ta ba. Shi ya sa ban ce ka tsaya a kwana ta farko ba, ban ce ta uku ba. Taku goma na ba ka. Daga nan ya san wanda ke bayansa. In ya ga dama ya yi shiru, in ya ga dama ya yi magana.”

Na ce, “Da na iya turi, na kauce mata fa?”

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. “Kai?”

Har yau ban gama warware wannan tambaya a raina ba, ba kuma zan ce kowa ya yi yadda ya yi ba. Abin da na sani shi ne, mutumin da ya lissafa taku goma don kada ya ci amanar tsoho ya fi ni tunanin daidai da kuskure, ni da na karanta littattafai cike da kwali.

Baba yana gida yanzu, yana takawa da sanda. Kantar tana ɗakina. Katakon ƙarshe ni na buga shi, Baba na zaune yana faɗin, “Ba nan ba, kai, ba nan ba.” Ya ɗan karkace, an bar shi haka. Bana da ruwa ya ɗauke muka koma tafkin da tabarmarmu, don Baba ya ce sai ya gaida abokan ɗakinsa. Muka tarar da Direba yana gangarowa da wani sabon fasinja. Da ya zo saiwar, ya juya keken ya hau ta da baya, ko shayin da ke hannun mutumin bai zube ba.

Direba, kai ne ka tsaya a bayanmu shekara talatin da ɗaya, inda hoto ba ya kama mutum. Na duba hotunan ranar da ka sauko da Baba tafki duka, hannunka kaɗai ya fito a ɗaya. Mun gode. Inna ta gode, yara sun gode, Baba ya ce a gaya maka har yanzu haɓarsa na tunawa da kai. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ba ka masu zuwa maka da ƙarfe huɗu.

Ku kuma masu karatu, in kuna da wani a kwance, ko a zaune a ɗaki shi kaɗai, ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe. Ku je ku yi masa aski, ku gyara masa hula, ku fito da shi ya sha iska. In kallon ido ya yi muku nauyi, ku koma bayansa ku tura. Ko kun daki saiwa ba komai, ta nan zai san ku ne.