Saukowa Daga Marken Baffa

Jiya a hanyar Dugabau na ga sawun barewa a lakar fadama, sai na kasa wucewa. Baffa ne ya faɗo min a rai, yayan mahaifina, tsohon maharbi.

Akwai wani marke da Baffa ya ɗaure itatuwa a tsakanin rassansa, inda yake zaman dako. Ranar da ya tafi da ni, ina saurayi, mun daɗe a sama kafin barewa uku suka zo shan ruwa, ɗaya da ɗanta yana bin ta da siraran ƙafafunsa. Baffa ya kwantar da bakansa a cinya, bai taɓa kibiya ba.

Ƙafata ta sage, cinnaku suna cizona, na yunƙura zan dira. Ya dafa min gwiwa. Har yau ina jin kaushin tafin nan da ƙanshin hayaƙin da ke jikin rigarsa.

"Baffa, la'asar za ta wuce mu," na ce a hankali.

"Ba za ta wuce ba," ya raɗa min. "In ka firgita su, uwar ba za ta sake kawo shi nan ba, kuma babu wani ruwa kusa. Bari su tafi da kansu."

Sai da suka shige cikin sabara muka sauko ta bayan bishiyar, shi a gaba, ba takalmi, yana nuna min inda zan taka.

Yanzu gonaki sun cinye dajin, marken ma an sare shi. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya ba shi inuwa da ruwan sanyi inda babu abin da zai firgita shi.