Asama'u da Tsofaffin Japan

Asama'u Gidaɗo 'yar Gombe ce, malamar nazarin zamantakewa a jami'a. Ta zo Manchester a 2012 domin digirin digirgir, ta kama ɗaki a wani gidan haya a unguwar Hulme. Abin da ta zo bincika shi ne rayuwar tsofaffin Japan masu zama su kaɗai a manyan gidajen haya, inda mutum kan rasu a ɗakinsa a daɗe ba wanda ya sani. A talabijin ta fara ganin labarin tun tana gida, abin ya tsaya mata a rai ya ƙi fita.

Yayanta Abdulsalam likita ne a Birmingham, yana zaune da iyalinsa a kusa da unguwar Small Heath, can take zuwa bikin salla. Ba ya gajiya da tsokanarta. Yakan ce shi iyakar saninsa da Japan mota da babur, bai taɓa jin an je Ingila karatun tsofaffinsu ba. Ita sai ta yi dariya ta ci gaba da cin masarta.

Harshen ya ba ta wuya ƙwarai. Ta manna haruffa a bangon kicin da ƙofar firji, tana bitar su tana girki, har ta kai tana iya karanta rahoto da taimakon ƙamus. Tana cikin shirin tafiya Japan sai malamin da ke duba aikinta ya kira ta ya ce an soke tallafin tafiye-tafiye na sashensu, don lokacin tsuke bakin aljihu ne, ko'ina yanka ake yi. Ya ba ta shawara ta yi hirarrakinta ta intanet. Ranar ta koma Hulme a ƙasa, ba ta ko lura da yayyafi ba.

Don ta riƙe kanta, ta kama aikin kula da tsofaffi a gidajensu a unguwar Gorton. Cikin waɗanda take zuwa wurinsu akwai Alfred, tsohon makanikin bas-bas. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a wata ƙasa mai nisa, kuma ƙaramar hukuma ta rufe zauren da yake zuwa hira da sa'o'insa. Lokacin da aka ware mata a gidansa kaɗan ne. Kafin shayin da ta haɗa masa ya huce ta kama hanya.

Wata rana ta ba shi labarin abin da ta karanta: a wasu unguwannin Japan tsoho kan rataya ƙyalle mai ruwan ɗorawa a ƙofarsa kowace safiya, in maƙwabta ba su gani ba sai su ƙwanƙwasa. Ta yi magana da Celestina, wata nas 'yar Enugu da ke gidan da ke kallon nasa, ta yarda za ta riƙa dubawa. Asama'u ta yanko ƙyallen daga wani tsohon ɗankwalinta.

Alfred ya rataya na ɗan lokaci, sannan ya daina. Da ta tambaye shi, sai ya ɗauko ƙyallen a ninke ya miƙa mata.

"Na gode, 'yata," in ji shi. "Amma ba zan tashi kullum in sanar da unguwa cewa ban mutu ba."

Abin ya yi mata ciwo, don ta ɗauka alheri ta yi. Ta kai maganar ga Harue, wata dattijuwa 'yar sa-kai a wajen birnin Osaka wadda take hira da ita ta intanet. Harue ta yi dariya ta ce su ma haka suke fama, maza musamman. Ta ce waɗanda suka dawwama a tsarin su ne waɗanda aka ɗora wa duba ƙofar wani, ba waɗanda ake duba tasu kawai ba.

Asama'u ta gaya wa Celestina. Ba a jima ba Celestina ta haye titi ta roƙi Alfred ya riƙa karɓar mata saƙonnin da ake kawowa tana wurin aiki, ya kuma ajiye mata makulli saboda masu gyara. Ya karɓa da fuskar wanda aka dama. Daga nan kusan kullum sai ta ƙwanƙwasa ƙofarsa karɓar wani abu, shi kuma ya tsare ta da ƙorafin yadda take barin tagarta a buɗe.

Wannan ya sauya alƙiblar binciken Asama'u. Ta bar tambayar tsofaffin Japan wa ke kula da su, ta koma tambayar su wa suke kula da shi. Amsoshin suka fara tsawo, har da waɗanda a da suke sallamarta da kalma biyu.

A sallar layya ta shekarar ta zauna da yayanta bayan baƙi sun watse. Ta tuna masa yadda suka sayar da awakin mahaifiyarsu suka ɗaukar mata 'yar aiki don ta huta, da yadda tun daga lokacin hirar Inna a waya ta koma ciwon gwiwa da lissafin waɗanda suka rasu.

"Yaya, anya hutu muka ba ta?" ta ce.

Abdulsalam ya juya kofin shayinsa. Bayan mako ya kira ƙaninsu a Gombe ya sa aka sayo wa Inna tumaki biyu.

A shekararta ta ƙarshe ta sami ɗan tallafi ta je Japan na 'yan makonni. Harue ta tarbe ta a tasha, ta zaga da ita gida-gida, ta kuma sha wahalar nemo mata abincin da ba naman alade. Da ta dawo ta tarar Alfred ya faɗi a banɗaki. Celestina ce ta same shi da ta zo karɓar saƙo, aka kai shi asibiti, daga can aka mayar da shi gidan tsofaffi. Asama'u ta ziyarce shi kafin ta bar ƙasar, ta same shi yana gyara wa wani ƙafar keken guragu.

Ta kammala a 2016 ta koma Gombe. Tana koyarwa, tana zaune kusa da Inna, wadda tumakinta suka yi yawa har maƙwabta na ƙorafi. Ɗalibanta kaɗan ne ke zaɓar darasinta a kan Japan, amma ba ta taɓa soke shi ba.