Sallamar Baba a Cikin Waya

Ƙanina ya dawo garinmu Zoza daga karatu a Kano da wasan waya wanda shi ya haɗa da hannunsa. Har yau in na tuna ranar da ya nuna mana shi sai raina ya ɓaci.

Ya saka Baba a ciki. Babanmu, wanda babur ya kayar a hanyar kasuwar Rogo, Inna ko wata biyu ba ta yi da fita takaba ba. Ya zana shi da hularsa, ya kwaso muryarsa daga tsofaffin saƙonni. Wai in ka danna wani wuri sai lokaci ya koma safiyar ranar da ya rasu, ka hana shi fita.

Na ce, "To in ka hana shi fa?"

Ya gyara zama kamar mai shirin wa'azi. "Ai nan ne gwanintar, Yaya. In bai mutu ba, ba ka da dalilin komawa ka cece shi. Sai wasan ya mayar da kai safiyar, ka sake."

Ji wani iyayi! Wato mutum ya yi ta binne ubansa ba iyaka, shi ne gwaninta. Na ce masa ƙaddara ba abin wasan yara ba ce, karatun da bai koya maka kunya ba asara ne. Ya ce ban waye ba.

Ashe Inna na jin mu daga madafa. Duk sanda wasan ya koma farko, Baba yakan shigo tsakar gida ya yi sallama. Ita kuwa tun da take ba ta taɓa barin sallamar mijinta ta faɗi ƙasa ba. Sai ta amsa, har da ɗan rusunawa. Daga nan kullum sai ta ce a kunna mata. Ta daina zuwa barka da suna, tuwo ya yi sanyi a gabanta, ta rame. Shi gogan ya koma Kano abinsa, ya bar mata tsohuwar wayarsa da wasan a ciki, wai kyauta.

Wata safiya na fizge wayar daga kan tabarmarta, na ce yau sai na goge wannan tsiya.

Ta riƙe mini hannu. "Ɗan nan, wancan karon ba a tambaye ni ba aka ɗauke shi. Yanzu kuma kai ne za ka yi?"

Na ajiye mata. Da ƙanin nawa kuwa ko gaisuwar Sallah ba ma yi.