Yayarmu Likitar Hanci

Mama ta ce yayarmu ta iya atishawa tun kafin ta iya magana. In ta fara, sai ta jero su kamar ana tafi, har kyanwar gidanmu ta tsorata ta haye katanga. Ashe kyanwar ce ma sanadi. Wani likita ya leƙa hancin Yaya da 'yar fitila, ya ce jikinta ne ba ya shiri da gashin kyanwa. Aka kai kyanwa gidan kawu, atishawa ta lafa, Yaya kuwa ta ce ita ma leƙen hanci za ta yi in ta girma. Muka yi ta dariya.

Ashe da gaske take. Ta karanci likitanci, ta shiga ɓangaren tiyata, ranar da ta faɗa wa Baba fannin da ta zaɓa sai da ya ajiye jaridarsa.

"Duk faɗin jikin ɗan Adam, ga zuciya ga ƙwaƙwalwa, ki rasa inda za ki tsaya sai ƙofar majina? Me zan ce wa abokaina?"

"Ka ce musu ranar da mura ta toshe nasu, sun san hanyar gidanmu," in ji Yaya.

Ofishinta a asibitin koyarwa ɗan tsukuku ne. A kan tebur akwai kan mutum na roba da aka tsaga biyu, gefensa kuma kwalba cike da abin da ta zaro daga hancin yara: maɓalli, ƙwayar wake, dutsen ado, har da tayar motar wasa. In tana koya wa ɗalibai tura siririyar kyamara cikin kogunan hanci, takan ce, "Sannu a hankali. Bayan bangon nan ido ne, saman rufin nan ƙwaƙwalwa. Gidan mutane kuka shiga, ku yi sallama." Ta yi shekaru tana bincike kan masu irin larurarta ta ƙuruciya, ta yi rubuce-rubuce, har ta zama farfesa. Amma hali zanen dutse. Mijinta ya rantse cewa ranar da suka fara haɗuwa, yana tsara mata kalamai, ita kuwa ta ƙura masa ido ta ce, "Ka san karan hancinka ya karkace hagu?"

Ana nan sai wata rana tukunya ta ƙone ƙurmus a kicin, Baba yana zaune a bakin ƙofa da jaridarsa, ko gezau. Da Mama ta titsiye shi, ya amsa cewa ya daɗe rabonsa da jin ƙanshi ko wari. Yaya ta kai shi ofis, ta leƙa, ta ga tsiron nama ya cika hancin dam.

Likita ba ya yi wa mahaifinsa tiyata, don haka wani tsohon ɗalibinta ne ya yi aikin. Farfesa guda, ga ta tana safa da marwa a baranda kamar kowa, tana leƙen ƙofa, har sai da wata nas ta ce, "Ranki ya daɗe, don Allah ki je ki zauna, kina ɗaga mana hankali."

Aiki ya yi kyau. Aka cire audugar da aka cusa masa a hanci, kumburi ya saɓe, amma ƙanshi shiru, har Baba ya fara gunaguni. Sai wata safiya Mama tana ɓare lemo a falo, muka ji ihu daga ɗaki.

"Lemo! Wa ke ɓare lemo?"

Ya fito ba hula, yana shinshina iska. Ya shinshina sabulu, ya shinshina jarida, ya kama gefen mayafin Mama.

"Yaushe kika sayi wannan turaren?"

"Shekara da shekaru nake sa shi, malam. Asara dai na yi ta yi."

Ya koma ɗaki yana dariya, sai ga shi ya fito da gudu ya toshe hanci. "Wa ya bar mushe a ƙarƙashin gadona?"

"Takalmanka ne," in ji Mama. "Mun yi haƙuri da su, yau naka ne."

Na kira Yaya a waya ina ba ta labari, ashe tana tsakiyar lacca. Dariya ta ci ƙarfinta har ta kasa tsayuwa, ta sallami ɗalibai, ta biya kasuwa ta ciko jaka da citta, kanumfari, na'a-na'a da sabon burodi. Ta zaunar da Baba, ta sa ya rufe ido, tana kai masa su hanci ɗaya bayan ɗaya yana canka. Da ya canki daidai sai mu sa shewa, ita kuwa tana share hawaye da bayan hannu tana cewa, "Kada ka buɗe ido, Baba, saura wannan."