Kwanon Tuwon da Ba a Taɓawa

Shekarar da soja suka fara shirin miƙa wa farar hula mulki, Kaka ta daina rufe ƙofar zaure da wuri. A Ƙofar Guga muke lokacin. Bayan isha'i mukan zagaye murhunta, hayaƙi na tashi a hankali, barci na fizgata yana saki. Kullum akwai kwanon tuwo a rufe gefen wuta, ba mai taɓa shi. Ran da na miƙa hannu, muciya na sha. "Kai, mijin banza! Ba cefane, sai ci!"

Tatsuniya ɗaya ta yi ta maimaita mana a shekarar. "Ga ta nan, ku matso, ba ta jiran mai gyangyaɗi."

Wai mahara ne suka sace wani yaro ɗan birni, ya girma a cikinsu. Ran da suka dawo hari aka kama shi da baka a hannu. Alƙali ya ce hukunci biyu ne. In baƙo ne, a tsare shi har danginsa su fanshe shi. In ɗan gari ne, ya ci amanar ganuwa, sai takobi. Aka ga tsagar gari a kuncinsa, aka kirawo wata tsohuwa. "Ɗanki ne?" Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Ban san shi ba."

"Kaka, ya rayu?"

"Ya rayu mana."

"To, ya dawo gida?"

Sai ta hau gyara itacen wuta. "Ƙurunƙus. Ku tashi, kun ishe ni."

Nakan kwana ina mafarkin saurayin nan yana tafiya a kan ganuwa, farin wata na bin sa, yana leƙa gidaje bai shiga ko ɗaya ba.

Sai bayan rasuwar Kaka, Goggo ta ba ni labarin Kawu Habu, ƙanen babana. Fataucin shanu ya kai shi kudu, yaƙin basasa ya rutsa da shi, aka ɗora masa bindiga a wancan ɓangaren. Da aka kama shi, wani soja ya zo har zaurenmu yana tambaya ko ɗan gidan ne. Kaka ta tuna hukuncin tatsuniyar nan da ta ji a bakin tata kakar, ta ce ita ba ta haifi mai wannan suna ba. Ashe an riga an yi wa kowa afuwa, ɗan ƙasa ne shi ma, wanda zai karɓe shi kawai ake nema. Aka sake shi, aka kuma faɗa masa abin da uwarsa ta ce. Bai zo ba.

Kaka kuwa ta ɗauka tsoron soja ne ya hana shi, shi ya sa da ta ji za su koma bariki ta fara ajiye masa tuwo. Wallahi har yau abin yana ci mini rai. Da safe ni take miƙa wa ɗumamen, ina murna, har da lashe kwano.