Tsohon da Ya Rako Hannun Pampo

Cikin masu zanga-zangar neman ruwa da ke ratsa tsakiyar Tasawa da hantsin nan, kowa kwali yake ɗagawa, ban da wani tsoho. Shi ƙarfe ya saɓa a kafaɗa. Hannun pampo ne da ya karye, wurin riƙonsa ya yi sumul yana sheƙi saboda yawan tafukan da suka ci shi.

Dogo ne siriri, da shuɗiyar riga mai karin guga, da takalmin taya. Ba ya bin taken da matasa ke rerawa. Gaisuwa kawai yake rabawa dama da hagu, har da masu kabu-kabun da jerin ya tare wa hanya, yana ba su haƙuri kamar shi ya tara mutanen. Na ji wani ya kira shi mutumin Korgom. Ina zaton tun asuba ya hau amalanke, kuma matan garinsu sun daɗe da komawa rijiya mai nisa.

A ƙofar ofishin da za a miƙa koke, jandarma ya tare shi.

"Baba, ba a shiga da ƙarfe."

"To ai shi ke da maganar, ɗana. Ni rakiya na yo."

"Ajiye shi nan waje."

Tsohon ya warware rawaninsa, ya shimfiɗa a inuwar itacen bedi, ya kwantar da ƙarfen a kai, shi kuma ya tsuguna a ƙasa.

"Ka sanar da su muna jira. Mai ɗakina ta ce in ba a gyara shi ba, kada ɗayanmu ya dawo gida."